Laifin Wuƙa Ne?

A Daddara, da Jibiya, da Magama, har ka tsallaka iyaka zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, akwai maganar da ta zauna daram a bakin mutane: daji ba ya son ƙarfe. In mace ta sami ƙari a mama, aka kai ta asibiti likita ya sa wuƙa, to an tsokano shi ke nan, sai ya fantsama cikin jiki. Masu faɗin haka ba da ka suke magana ba, abin da idonsu ya gani suke ba da labari. An kai wance asibiti, an cire mata mama, ɗinki ya kame, ta dawo gida har ta koma surfe da girkinta. Bayan wata takwas ko shekara, sai ga ciwon baya da ba ya jin man zafi, ko busasshen tarin da ya ƙi tafiya, ko ido ya yi ɗorawa ciki ya kumbura. A koma wurin likita, ya duba hoto ya ce abin ya shiga ƙashi, ko huhu, ko hanta. Ranar sadakar uku za ka ji wata cikin mata ta sassauta murya tana cewa, "Ni fa Yaya, tun farko na ce kada a bari su taɓa shi. Da tana nan da abinta."

Kada a yi saurin yi wa wannan magana dariya, akwai tambaya ta gaske a cikinta. Maman da ke ɗauke da cutar an yanke shi, an fitar da shi ɗungurungum. To ta ina abin da aka fitar ya bi har ya ɓulla a ƙashin baya? Kuma me ya sa sai bayan aiki? Biri ya yi kama da mutum. Tunda wuƙa ake tuhuma, sai mu bi sawun zancen daki-daki mu ga ko tuhumar za ta tsaya da ƙafarta.

Waɗanda za a fara nema su ne matan da ƙarfe bai taɓa ba. In har "da tana nan da abinta" gaskiya ce, su ya kamata su daɗe. Akwai irin wannan lissafi, kuma tsoho ne. Asibitin Middlesex da ke Landan yana da sashen da ake kwantar da masu ciwon daji har ƙarshen rayuwarsu, ana rubuta bayanan kowa. A 1962 likita H. J. G. Bloom da abokan aikinsa biyu suka tattara bayanan mata 250 da suka kwanta a can tsakanin 1805 da 1933, waɗanda ba a yi wa aiki ko gashi da na'ura ba. Rabinsu sun rasu kafin su cika shekara uku da fara jin ciwon. Kashi 18 cikin ɗari ne suka kai shekara biyar, waɗanda suka ga shekara goma kuwa ba su wuce kashi 4 ba. Da yawansu mama ya fashe ya zama gyambo, cutar kuma ta kai sauran sassan jiki, alhali wuƙa ko kusa da su ba ta je ba.

Su kansu likitoci sun daɗe suna ganin komai a bakin wuƙar yake, sai dai ta ɗaya fuskar. William Halsted, babban likitan tiyata na asibitin Johns Hopkins a Baltimo ta Amurka, ya yi imanin cewa daji rarrafe yake yi: daga mama zuwa kaluluwar hammata, daga nan ya ƙara gaba. In ya dawo bayan aiki, to yankan ne bai yi faɗi ba. Saboda haka yakan cire mama, da naman ƙirjin da ke ƙarƙashinsa, da kaluluwar hammata baki ɗaya, mace ta tashi da ramammen ƙirji da hannun da ke kumbura. Ya wallafa sakamakonsa a 1894, kuma kusan shekara tamanin wannan aiki ne ake koya wa likitoci. Ciwon ya rage dawowa a wurin da aka yanka, wannan ba gardama. Amma mata suka ci gaba da mutuwa da ciwon ƙashi da na hanta.

Sai a 1971 Bernard Fisher na Jami'ar Pittsburgh ya jagoranci gwajin da ya raba gardama. Mata sama da 1,600 aka rarraba ta hanyar ƙuri'a: wasu aka yi musu babban aikin Halsted, wasu aka cire mama kaɗai aka bar naman ƙirji, da gashi ko babu gashi. Aka bi su shekara 25. Yawan waɗanda cutar ta watsu a jikinsu da yawan waɗanda suka rasu bai bambanta ba. Gwaji na biyu, wanda sakamakonsa ya fito a 1985, ya nuna in ƙarin ƙarami ne, a cire shi kaɗai a bar maman a bi da gashi, daidai yake da cire maman duka. Lura da abin da wannan ke nufi ga shari'armu. Da wuƙa ce ke watsa cutar, da waɗanda aka fi yanka sun fi mutuwa. Da ƙarancin yanka ne matsalar, da su suka fi tsira. Ko ɗaya bai faru ba. Ashe ba a nan gizo ke saƙa ba. Fisher ya kammala da cewa a jikin mata da dama, tun kafin su hau gadon tiyata ƙwayoyin cutar sun riga sun bar mama ta hanyar jini.

Zato ne a lokacin, amma daga baya aka kama su hannu dumu-dumu. Likitoci a Turai suka riƙa zuƙo ɗan ɓargo daga ƙashin matan da aka gano suna da sankarar mama, a daidai lokacin da za a yi musu aiki, kuma matan da hoto bai nuna cutar ta watsu a jikinsu ba. A 2005 aka haɗa sakamakon mata 4,703. A ɓargon kashi 30 da ɗoriya cikin ɗari an tarar da ƙwayoyin cutar, ɗai-ɗai, suna kwance lamo. Waɗannan mata kuma su ne suka fi fuskantar dawowar cutar daga baya. Ba abin mamaki ba ne in aka tuna cewa ƙullutun da bai wuce santimita ɗaya ba, wanda da ƙyar yatsa ke jin sa, yana ɗauke da ƙwayoyin halitta daga ɗaruruwan miliyoyi zuwa biliyan guda, kuma ya yi shekaru yana girma kafin a ji shi. Ƙwayoyin da suka fice suna iya kwanciya wata da watanni. A wani nau'in sankarar mama ma sukan farka bayan shekara goma sha biyar ko ashirin.

Don a yi wa mai ƙara adalci, akwai wani gwaji da aka wallafa a 2018 daga ɗakin binciken Robert Weinberg a Amurka, inda aka ga cewa a jikin ɓeraye, kumburin da ke biyo bayan rauni na iya tayar da ƙwayoyin cutar da ke kwance a wani sashe na nesa. Amma ko a nan, ƙwayoyin an riga an dasa su a can kafin raunin. Wuƙa ba ta kai su ba. Ƙarfen da ya cancanci tsoro shi ne na sakiya: a huda ƙarin a bar shi a ciki, ya zama gyambon da ba ya rufewa, ƙwayoyin cuta na waje su sami ƙofa.

To in ba wuƙa ba, wa ya buɗe musu hanya? Ƙwayar halittar mama lafiyayya ba ta barin wurinta. Manne take da 'yan'uwanta, ba ta rabuwa sai da izini, in ma ta ɓalle mutuwa take yi. Dole wani abu ya canza a cikinta.

Sawun farko ya bayyana a Oksfod ta Ingila a 1969. Henry Harris, tare da George Klein na Suwidin, suka ɗauki ƙwayar daji ta ɓera suka narkar da ita da lafiyayyar ƙwaya suka zama ɗaya. Kowa ya ɗauka muguwar ce za ta rinjayi ta kirkin. Sai aka ga akasin haka: haɗaɗɗiyar ƙwayar ta daina yin ƙari. Da ta ci gaba da rabuwa tana zubar da wasu zaren gado na lafiyayyar, sai muguntar ta dawo. Ma'ana, ƙwayar daji ba wani abu kaɗai ta samu ba, wani abu ta rasa, kuma lafiyayyar ƙwaya tana da shi.

Shekara biyu bayan haka Alfred Knudson, a Houston, ya zauna da bayanan yara 48 masu dajin ido, irin wanda iyaye kan fara ganewa in baƙin idon yaro ya riƙa ƙyalli fari. Ya lura cewa yaran da suka gaji cutar tana kama su da wuri, sau da yawa a ido biyu, waɗanda ba su gada ba kuwa tana jinkiri kuma ido ɗaya take kamawa. Da lissafi kawai ya fitar da amsa: ana buƙatar ɓarna biyu. Kowace ƙwayar gado biyu-biyu muke da ita, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Wanda ya saba bin hanyar Katsina zuwa Jibiya zai gane wannan nan take. Shingayen bincike ne jere, kuma ba mutum ɗaya ake ajiyewa a shinge ba. In ɗaya ya tashi, ɗayan na nan, mota ba ta wucewa. Sai an rasa su biyun shinge ke zama fanko. Yaron da ya gaji cutar an haife shi da mai gadi ɗaya tak a wannan shingen, tsautsayi ɗaya ya ishe shi. A 1986 aka gano ainihin ƙwayar gadon da Knudson ya hango, ita ce ta farko cikin waɗanda yanzu ake kira masu danne ƙari.

Babba a cikinsu ita ce TP53, kuma labarinta da ban dariya, domin shekara goma aka yi ana yi mata kallon ɓarauniya. An gano furotin ɗinta a 1979, an tarar da shi maƙil a ƙwayoyin daji, aka ce shi ne ke hura wutar. Sai a 1989 Suzanne Baker, a ɗakin binciken Bert Vogelstein, ta nuna cewa abin da aka yi ta gani lalatacce ne. Lafiyayyen aikinsa tsayar da ƙwaya ne in zaren gadonta ya sami matsala, har a gyara. In gyara ya gagara, ya umarce ta ta kashe kanta. Kusan rabin dukkan cututtukan daji na ɗan Adam ana tarar da TP53 a lalace. A ɓangaren mama kuma, Mary-Claire King ta nuna a 1990 cewa akwai wata ƙwayar gado a zare na 17 da ke bin wasu iyalai. Aka zaƙulo ta a 1994, ita ce BRCA1, sannan BRCA2 ta biyo baya a 1995. Su biyun aikinsu ɗinke zaren gado in ya tsinke.

Da a nan aka tsaya, da an bar rabin tambayar. Girma daban, watsuwa daban. Akwai ƙarin mama da kan yi girma sosai ya zauna wuri ɗaya, akwai kuma ɗan mitsitsi da tuni ya aika 'ya'yansa ɓargo. Ƙarin da ke cikin mama ba kasafai shi ke kisa ba, waɗanda suka fita ne. Tun 1889 likitan tiyata Stephen Paget ya duba bayanan gawar mata 735 da sankarar mama ta kashe, ya tarar ta kai hantar 241 amma saifar 17 kacal, alhali duka biyun jini na ratsa su sosai. Ke nan tafiyar ba ta kai-tsaye ba ce, tana da ƙa'idojinta.

A 1988 Patricia Steeg, a Cibiyar Binciken Daji ta Amurka, ta kwatanta ƙwayoyin dajin fata na ɓeraye iri biyu daga tushe ɗaya: masu saurin watsuwa da masu zama wuri ɗaya. Ta tarar da wata ƙwayar gado da ke aiki sosai a masu zaman, amma ta yi sanyi a masu watsuwar. Ta sa mata suna nm23. Shekara ɗaya bayan haka aka ga irin wannan a jikin mata: ƙarin maman da ya riga ya kai kaluluwar hammata, aikin nm23 ya yi ƙasa a cikinsa. Da aka mayar da ita cikin mugayen ƙwayoyi aka dasa wa ɓeraye, watsuwar ta ragu ƙwarai. Nan aka gane akwai wani rukuni na masu gadi da aikinsu hana fita ne. A shekara ta 2000 ɗakin binciken Danny Welch a Pensilbaniya ya gano wata, BRMS1, a cikin ƙwayoyin sankarar mama.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, da aka karanta rubutun waɗannan ƙwayoyin gado a cikin ƙari, galibi lafiyarsu ƙalau. Ba harafin da ya goge. To me ya hana su aiki? A nan ne, a ganina, zancen ya fi daɗi. Ƙwayar gado ba ta da amfani sai ana karanta ta ana ƙera furotin da ita. Jiki kuma yana da hanyar rufe wadda ba ya buƙata: wani ɗan sinadari da ake kira metil yakan manne a farkon rubutun, sai karatu ya tsaya. Da wannan dabara ce ƙwayar hanta ta bambanta da ta ido, alhali rubutunsu ɗaya. Daji kan karkatar da dabarar ya rufe masu gadi. Jami'in na zaune a shingensa, da kakinsa da komai, amma ba ya ɗaga hannu.

Misali mafi fitowa fili shi ne wani furotin mai suna E-kaderin, wanda ke manne ƙwayoyin mama da juna. A 1995 masu bincike a Johns Hopkins suka nuna cewa a wasu ƙwayoyin sankarar mama metil ne ya toshe shi. A wani nau'in kuma, wanda ke tasowa daga ƙunsoshin da ke haɗa nono, yakan ɓace gaba ɗaya. Likitan da ke duba nama a madubi yana gane wannan nau'i da ido: maimakon dunƙule, sai ya ga ƙwayoyin sun jeru ɗaya bayan ɗaya suna ratsa tsoka. Shi ya sa sau da yawa ba a jin ƙullutu, kauri kawai ake ji a gefe ɗaya na mama. Ita ma BRCA1 ba sai an gaji lalatarta ba. A 2000 Manel Esteller da abokan aikinsa suka tarar an rufe ta da metil a wajen kashi 13 cikin ɗari na ƙarin matan da ba gadon cutar suka yi ba.

Duk wannan a Turai da Amurka aka gano. Saura tambayar da ta fi damun mu: me ya sa a nan cutar ke kama mace tana da shekara arba'in, wani lokaci da goyo a bayanta, kuma ta zo da zafi haka? Wani ɓangare na amsar lissafi ne kawai, domin al'ummarmu yara da matasa ne suka fi yawa, tsofaffi kaɗan ne. Amma ba shi ke nan ba. Farfesa Olufunmilayo Olopade, wadda ta karanta likitanci a Ibadan kafin ta koma Jami'ar Cikago, ta fara wani dogon bincike tare da Asibitin Koyarwa na Ibadan a 1998. A 2009 tawagarta ta wallafa sakamakon mata 507 daga Nijeriya da Senegal: matsakaicin shekarunsu bai cika 45 ba, kuma kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ƙarinsu ke da alamar cewa yana rayuwa da sinadarin estrojin. Wannan alama ba ƙaramin abu ba ce, ita ke nuna ko ƙwayar tamoksifen, mai arha, za ta yi wa mace aiki.

Sai dai wannan sawun ya ɗan karkata. Daga baya aka lura cewa in an yanko nama aka bar shi cikin zafi ba a tsoma shi a ruwan fomalin da wuri ba, ko ya daɗe a ajiye, alamar kan dushe, gwaji ya ce babu alhali akwai. Nazarin da ya haɗa bincike da dama a 2014 ya nuna cewa inda aka kula da naman tun daga ɗakin tiyata, fiye da rabin matan Afirka suna da alamar. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan'uwan majinyaciya ya riƙo kwalbar nama a leda, ya shiga motar haya da rana tsaka zai kai gwaji birni, ya san wannan ba zancen takarda ba ne. Kuskure a nan na iya hana mace maganin da take iya saye.

Sawun masu gadi kuwa ya tsaya. A 2018 tawagar Olopade ta karanta rubutun gadon ƙarin mata 194 na Ibadan da Legas. TP53 ta lalace a kashi 62 cikin ɗari, alhali a bayanan Amurka kashi 46 ne ga baƙaƙen fata, kashi 29 ga Turawa. A shekarar dai, tare da Mary-Claire King, suka gwada jinin mata 1,136 masu cutar a Ibadan. Kashi 14.7 sun gaji lalatacciyar ƙwayar gado: kashi 7 BRCA1, kashi 4.1 BRCA2, sauran a wasu. Mace ɗaya cikin bakwai ke nan. A babban binciken da aka yi a Amurka aka wallafa a 2021, wajen ɗaya cikin ashirin ce. Alƙaluman Ibadan ne, ba na Jibiya ba, amma sun isa su sa likitan Katsina ya buɗe ido.

Ko da haka, zan yi gardama da duk wanda zai ce halitta ce kawai ta cuce mu. Masu gadi ba rana ɗaya suke faɗuwa ba, kuma ƙari kullum zubar da ƙwayoyi yake yi cikin jini. Yawancinsu mutuwa suke yi a hanya, amma gwargwadon girmansa da daɗewarsa, gwargwadon yiwuwar wasu su isa su kafu. Abokin laifin ke nan: lokaci. Wani nazari na 2016 ya tarar kashi 77 cikin ɗari na baƙaƙen matan Afirka kudu da Sahara ana gano cutarsu ne a mataki na uku ko na huɗu. Binciken da aka wallafa a 2020, wanda ya bi mata a ƙasashe biyar, ya nuna bayan shekara uku kashi 90 na Turawan Namibiya suna raye, baƙaƙen Namibiya kashi 56, 'yan Nijeriya kuwa, waɗanda aka bi a Aba da Owerri, kashi 36. Ƙiyasin hukumar binciken daji ta duniya na 2022 ya ce mata sama da 32,000 suka kamu a Nijeriya a shekarar, sama da 16,000 suka rasu.

Mu ƙirga watannin yadda suke tafiya a ƙauye. Mace ta ji ƙullutu tana wanka. Ba ya ciwo, don haka ta bar shi. In tana shayarwa, a ce nono ne ya kwanta, a gasa da ruwan zafi. Kunya ta hana ta faɗa wa maigida sai da ya girma. Daga nan a gwada maganin shafawa, a sha sassaƙe, a je kemis a sayi kafso, wani ya ce jifa ne. Sai fata ta fara tattarewa tana ƙananan ramuka, kan mama ya shige ciki, kaluluwa ta fito a hammata, sannan a fara zancen asibiti. Can ma likita ya ce sai an ɗebi ɗan nama da allura, uwar majinyaciya ta ce, "Likita, a dai ba mu magani, kada a sa mata ƙarfe." A koma gida a ƙara wata uku ana shawara, ana jiran a sayar da amfanin gona.

Hanyar ma ba ta taimaka ba. Allurar kemo zuwa shida ko takwas ce, kowane mako uku. Gashi kullum ne, Litinin zuwa Juma'a, na makonni. Shekaru da dama mace daga Daddara in tana buƙatar gashi sai ta nufi Shika a Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja, ta nemi masauki da mai jinya. 'Yar'uwarta ta Maraɗi kuwa, sai a 2021 aka buɗe cibiyar gashi ta farko a Nijar, a Yamai, tafiyar sama da kilomita 600. Ga rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Ga 'yan bindiga da suka sa mutanen Jibiya lissafin sa'ar fita da ta dawowa. A Yulin 2025 aka ƙaddamar da cibiyar kula da masu daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, wadda ta mayar da waccan doguwar tafiya ta zama ta je-ka-dawo a yini ɗaya. Amfaninta zai dogara ga injinan su ci gaba da aiki, da kuma matakin da mata za su riƙa isa da cutar.

Yanzu ana iya jera abin da ya faru da wance. Shekaru kafin ta ji komai, wata ƙwaya a mamanta ta rasa TP53 ko BRCA1, ta shiga rabuwa ba izini. Cikin zuriyarta wasu suka rufe masu hana fita, suka saki 'yan'uwansu, suka bi jini zuwa ɓargo da hanta suka kwanta. Watannin jinkiri suka ƙara musu yawa. Wuƙa ce ta zo ƙarshe, ta cire abin da ake gani, ta bar abin da hoto bai isa ya nuna ba, wanda dama aikin kemo da tamoksifen ne su bi shi, in an samu an kammala su. Da yake ita aka gani ta shiga ɗakin daga ƙarshe, ita aka kama. Mummunan abin kuma shi ne tuhumar na ciyar da kanta: tsoron wuƙa ya sa a makara, makara ta sa aiki ya kasa, kasawar ta zama hujjar da za a tsoratar da ta gaba.

Sanin waɗanne masu gadi ne suka faɗi yana da amfani a aikace. Tun 2005 aka gano cewa ƙwayar dajin da ta rasa BRCA tana dogara da wata hanyar gyara guda, in aka toshe ta sai ta mutu. Maganin olaparib ke nan, mai tsadar da ta fi ƙarfin talaka, amma irin wannan ƙari kan ji tsofaffin magungunan kemo masu sinadarin filatinam, waɗanda suka fi sauƙin samu. Gwajin jinin BRCA shi ma ba kowa zai iya ba. Tambaya kuwa kyauta ce, kuma galibi rabinta ake yi. Ana tambayar mace ko uwarta ko innarta ta yi ciwon, a manta da dangin uba, alhali namiji na ɗauke da lalatacciyar BRCA ya miƙa wa 'yarsa ba tare da ya taɓa jin komai ba. Kowane ɗa ko 'ya na mai ɗauke da ita, yiwuwar gadonsa rabi da rabi ce, kuma macen da ta gaji lalatacciyar BRCA1, wajen kashi 72 cikin ɗari cutar kan kama ta kafin shekara 80. Don haka in tsoho ya rako 'yarsa, ya kamata likita ya juya gare shi ma: "Baba, cikin 'yan'uwanka mata ko gwaggonninka, akwai wadda ta yi ciwon mama, ko ta rasu da kumburin ciki tana da sauran ƙuruciya?" A gidan da aka tabbatar da wannan gado, ƙa'idojin likitoci sun ce a fara duba 'ya'ya mata tun suna da shekara 25, ba sai sun kai 40 ba.